BABI NA HUƊU: TARKEN AYYUKAN HAƊIN GWIWA NA YAƘI DA GURGUSOWAR HAMADA A KWARIN MAJIYA DA ƘASAR MARAƊI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin gayya da sauran hanyoyin taimakon juna da Bahaushe ya gada, an kuma nuna yadda ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka shigo ƙasar Hausa bayan farin shekarun 1970. A wannan babi za a ɗauki ayyuka biyu da irin waɗannan ƙungiyoyi suka gudanar tare da manoma a Jamhuriyar Nijar, a auna su. Na farko shi ne aikin shingayen itatuwa na Kwarin Majiya, a gundumar Buza ta jihar Tawa, wanda ƙungiyar CARE ta Amurka ta fara a 1975. Na biyu shi ne aikin rainon kututture a gona, wanda Hausawan Maraɗi suka laƙaba wa suna "sassabin zamani", wanda ya taso a 1983 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM.

An zaɓi waɗannan ayyuka ne saboda matsalar da suka tunkara iri ɗaya ce, mutanen da suka yi hulɗa da su kuma manoma ne Hausawa, amma hanyoyin da suka bi sun sha bamban, haka ma abin da ya biyo baya. Za a ɗora tarken a kan tambayoyi huɗu: daga ina tunanin aikin ya fito, wa ya mallaki itacen da ya girma, wa ya ɗauki asara, sannan me ya rage bayan ƙungiya ta naɗe tabarmarta. Manufar ba ta rage darajar masu taimako ba ce, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

4.1 Yanayin Da Ayyukan Suka Tarar

Farin da ya auka wa yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974 ya hallaka dabbobi da itatuwa masu ɗimbin yawa, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Laftanar Kanar Seyni Kountché ya hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga farin 1984, wanda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, abin da ya sa mutanen Nijar suka riƙa kiran wannan yunwa da sunan shugaban Nijeriya na lokacin, wato Buhari. A tsakanin waɗannan shekaru gonaki da yawa sun zama fili fetal. Iskar farkon damina kan ɗebo rairayi ta binne shuka ko ta tsinke ta, sai manomi ya sake shuka sau biyu ko uku kafin ta tsaya.

Ba fari kaɗai ya share itatuwan ba, akwai hannun doka a ciki. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma a 1935 ta keɓe wasu itatuwa ta hana taɓa su sai da izinin hukuma. Dokar Nijar ta 1974 ta ci gaba a kan wannan turba. Ke nan gawon da ya tsiro a tsakiyar gonar mutum ba shi da ikon sare shi ko datse reshensa ba tare da takarda ba, in ya yi kuwa malamin daji ya ci shi tara. Manomin da ya san haka ba shi da wani dalili na barin itace ya girma. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya kawar da shi tun yana toho, kafin idon hukuma ya kai kansa. Daɗin daɗawa, malaman gona na wancan zamani suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal domin garmar shanu ta wuce, musamman a wuraren noman gyaɗa.

Amsar da gwamnati da masu ba da agaji suka fara bayarwa ita ce dashe. Tun daga 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kan Nijar, ranar dashen itatuwa. Aka farfaɗo da ƙungiyoyin samariya aka ɗora musu aikin. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, wanda ya ƙara jaddada dashen. An kafa wuraren renon itatuwa, an killace filayen ƙauyuka, amma mafi yawan abin da aka dasa bai kai labari ba, saboda ƙishirwa da gara da awaki, da kuma rashin wanda zai ce nasa ne.

4.2 Shingayen Kwarin Majiya

4.2.1 Tsarin Aikin

Kwarin Majiya wuri ne mai ƙasa mai kyau, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ba shi da nisa, sai dai iska na kwashe ƙasar sama a lokacin rani. Wani jami'in gandun daji ɗan Nijar da ke Buza tare da wani ɗan sa kai Ba'amurke su ne suka nemi tallafin CARE, aka fara dashe a 1975. An riƙa dasa dogon yaro layi biyu a jere, a gicciye da hanyar iska, a bar tazarar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge. Daga baya aka riƙa haɗawa da bagaruwa domin ta toshe ƙasan shingen, tun da dogon yaro kan yi sama ya bar gindinsa a buɗe. Ƙungiya ta ɗauki nauyin renon dashe da albashin masu gadi, ma'aikatar gandun daji ta shata layuka, mutanen ƙauyuka kuma suka haƙa ramuka suka dasa. An hana dabbobi shiga wuraren da aka yi sabon dashe har sai itatuwan sun fi ƙarfinsu.

4.2.2 Abin Da Aka Cim Ma

Dole a yaba wa wannan aiki, domin a lokacin da dashe ke mutuwa ko'ina, na Majiya ya rayu. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya kai ɗaruruwan kilomita. Awon da aka yi a kan amfanin gona ya nuna ƙarin hatsi tsakanin kashi 15 zuwa 23 cikin 100 a gonakin da ke tsakanin shingaye, gwargwadon shekarar da aka yi awon. Da itatuwan suka girma an sami gwafanni da dirkoki da itacen girki, a yankin da waɗannan abubuwa suka yi tsada. Saboda haka ne aikin ya yi suna, ya zama abin misali a rubuce-rubucen masana na wancan lokaci.

4.2.3 Raunin Aikin

Idan aka koma ga ma'aunan da aka gindaya, rauni na farko ya shafi rabon asara da riba. Layukan da aka shata sun bi hanyar iska ne, ba su bi iyakokin gonaki ba. Manomin da shinge ya ratsa ta gonarsa ya rasa ƙasar da itatuwa suka tsaya a kai, ya kuma rasa abin da inuwa da saiwa suka ci a gefe, alhali maƙwabcinsa da ke tsakiya ya sami kariya ba tare da ya rasa ko taki ɗaya ba. Matsakaicin adadi na kashi 15 ko 23 ya haɗa waɗannan mutane biyu wuri guda, ya ɓoye cewa ɗaya ya biya wa ɗaya. Haka kuma hana kiwo ya fi taɓa makiyaya da matan aure, waɗanda awaki da tumaki su ne ajiyarsu, su ake sayarwa a yi hidimar biki ko a sayi hatsi in rumbu ya ƙare.

Rauni na biyu shi ne na mallaka. An yi shekaru ana dashe ba a tsayar da maganar wanda zai ci amfanin itacen ba. Sai da itatuwa suka isa sara a tsakiyar shekarun 1980 sannan tambayar ta taso gadan-gadan: na mai gona ne, ko na waɗanda suka haƙa ramuka, ko na gari baki ɗaya, ko kuwa na ma'aikatar gandun daji? Kasancewar sai da aka ɗauki masu gadi ana biyan su shi kansa shaida ne cewa jama'a sun ɗauki shingayen a matsayin kayan hukuma. Bahaushe ba ya jiran albashi kafin ya tsare gonarsa daga ɓarnar dabbobi.

A nan ne ya kamata a bambance gayya da abin da aka kira gayya a irin waɗannan ayyuka. A gayyar gargajiya akwai mai gayya sananne, shi ke kira, shi ke ciyarwa, amfanin aikin nasa ne, kuma kowa ya san gobe shi ma zai je gonar wani. Wannan bi-da-bi shi ne ke riƙe da al'adar. A Majiya an ari taron jama'a da haɗa hannu, amma mai gayyar ba ɗan gari ba ne, ba kuma zai taɓa zuwa gonar kowa ya rama ba.

Rauni na uku shi ne aikin bai kwaikwayu ba. Binciken da aka yi daga baya, inda aka kwatanta shingayen Majiya da na tashar bincike ta Sadore kusa da Yamai, ya nuna cewa dogon yaron Majiya na shan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne saboda kusancinsa, shi ya sa bai cika yi wa hatsi kishiya ba. A inda ruwan ya yi nisa kuwa, itacen da hatsin suna rububin danshi ɗaya ne. Tun da yawancin gonakin Hausawan Nijar a kan tudu da jigawa suke, nasarar Majiya ta kwarin ce, ba ta ƙasar baki ɗaya ba. Ga kuma tsadar reno da jigila da gadi, waɗanda babu ƙauyen da zai iya ɗauka da kansa.

4.3 Sassabin Zamani A Ƙasar Maraɗi

4.3.1 Asalinsa Da Yadda Ake Yin Sa

Tony Rinaudo, malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, ya zo Nijar a 1981 ƙarƙashin SIM, ya kuma fara da dashe kamar kowa, dashen yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan ganyayen da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace bazara, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai cikin ƙasa. Irin waɗannan itatuwa su ne kalgo da sabara da geza da taramniya da magarya da makamantansu. Dabarar da ya kawo ita ce, maimakon a share tohon duka, manomi ya zaɓi kututturan da yake so, a kowanne ya bar rassa mafiya ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran, ya kuma aske ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayi. Da yake saiwar ta riga ta kafu, itacen kan yi saurin girma fiye da dashe nesa ba kusa ba. Ba a buƙatar iri ko ban ruwa ko waya, adda ko gatarin da ke hannun manomi ya wadatar.

An fara gwaji da manoma ƙalilan, suka sha ba'a daga maƙwabta, domin gonar da aka bar wa itatuwa ana ganin ta a matsayin gonar rago. Wasu kuma aka riƙa sace musu itatuwan da dare.

4.3.2 Darasin Abinci Don Aiki

Da yunwar 1984 ta yi tsanani, ƙungiyar ta haɗa rabon abinci da wannan aiki: duk wanda zai karɓi tallafi sai ya bar itatuwa a gonarsa. Ta haka aikin ya shiga ƙauyuka kimanin 100, aka raini itatuwa kimanin 500,000. Da aka daina rabon abinci, sai manoma suka sare kusan kashi biyu bisa uku na itatuwan.

Wannan al'amari shi ne ma'auni mafi gaskiya da aka samu a cikin ayyukan biyu, domin ya raba abin da aka yi saboda abinci da abin da aka yi saboda gamsuwa. Mai jin yunwa zai amince da kowane sharaɗi, amincewarsa kuwa ba ta nuna ra'ayinsa. Da a ce an rubuta rahoto a ƙarshen 1984 aka rufe littafi, da an ce an yi gagarumar nasara, alhali kayan aro ne, wanda ba ya rufe katara. Duk da haka ba za a ce rabon abincin ya tashi a banza ba. Ya sa dubban mutane sun ga hatsi ya nuna a gonar da ke da itatuwa, abin da aka daɗe ana gaya musu ba zai yiwu ba, kuma ya rage kunyar da mai barin itace ke ji, tun da kowa ya yi. Kashi ɗaya bisa ukun da ya rage shi ne irin da aikin ya yaɗu daga gare shi.

4.3.3 Dalilan Yaɗuwarsa

Dalili mafi girma shi ne sauyin da aka samu a maganar mallaka. Ma'aikatan shirin sun shawo kan jami'an gandun daji na Maraɗi suka sassauta, aka bar manomi ya sari abin da ya raina ya sayar ba tare da tsoron tara ba. Bayan rasuwar Kountché a 1987, ga faɗuwar farashin yuraniyom da rikicin siyasar da ya kai ga taron ƙasa na 1991, ƙarfin hukuma a karkara ya ragu ƙwarai, malaman daji suka yi ƙaranci a ƙauyuka. Manoma suka fara ɗaukar itatuwan gonakinsu a matsayin nasu tun kafin doka ta ce haka. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun biyo baya ne suna ƙara amincewa da haƙƙin mai gona, har zuwa watan Yuli na 2020 da gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan wannan hanya ta rainon itatuwa.

Dalili na biyu shi ne saurin amfani. Tun daga shekarar farko rassan da aka aske sun zama makamashi, ganye ya zama abincin dabbobi, abin da ya zuba kuma ya zama taki. Itatuwan na rage ƙarfin iska, suna tare rairayi da ganyen da iska ta ɗebo. Gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ba ya hana hatsi hasken rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma kiwo ne mai daraja a kasuwa. Dalili na uku shi ne dabarar ba ta da ƙa'ida guda, kowane manomi na zaɓen irin itacen da yake so da adadin da zai bari. Saboda haka ta bi bakin mutane, daga kasuwa zuwa kasuwa, da ta hanyar 'yan cirani, ta isa inda motar ƙungiya ba ta taɓa zuwa ba.

A binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka fitar a 2009, an ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo musu a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara.

4.4 Tarken Labarin Nasarar

4.4.1 Rabon Yabo

Yadda labarin ya shahara a duniya, musamman bayan Rinaudo ya koma ƙungiyar World Vision a 1999 ya kuma sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, yakan sa mai sauraro ya zaci cewa baƙo ne ya koya wa Bahaushe barin itace a gona. Wannan fahimta tana buƙatar gyara. Gandayen gawo na ƙasar Damagaram sun girmi zuwan kowace ƙungiya, har ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. A gundumomin Magarya da Matamai da Mirya, inda aka ƙiyasta farfaɗowar itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 1, gawo ne ya fi yawa, kuma nisan wurin daga ƙauyukan shirin SIM ya nuna cewa manoman sun koma ga abin da suka sani ne da matsi ya yi yawa. Haka nan littafin Wood Fuel in Kano na 1990, wanda Michael Mortimore na cikin marubutansa, ya nuna cewa manoman kewayen birnin Kano sun riƙe itatuwan gonakinsu duk da yawan jama'a da buƙatar makamashi da fari. Kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya da ke tsaye a gonakin Kano ba shirin agaji ya dasa su ba.

Ke nan gudummawar ƙungiyar ita ce ta gyara dabarar askewa, ta tsaya wa manoma a gaban hukuma, ta kuma mayar wa tsohuwar al'ada da mutuncinta bayan an daɗe ana kushe ta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma da tsohuwar zuma aka yi maganin. Sunan "sassabin zamani" ma yana ɗauke da wannan ma'ana, domin manoman sun sa dabarar cikin jerin ayyukan gonar da suka saba, a matsayin sabon salon sassabe.

4.4.2 Maganar Ruwa Da Alƙaluma

Wasu masana na ganin cewa dawowar ruwan sama daga shekarun 1990, bayan ƙarancin shekarun 1970 da 1980, ita ce ta kawo koren da ake gani. Babu shakka ruwan ya taimaka. Sai dai hotunan tauraron ɗan'adam na bakin iyaka, kudu da Damagaram, sun nuna itatuwa sun fi yawa a gonakin ɓangaren Nijar fiye da na ɓangaren Nijeriya, alhali ƙasa ɗaya ce, jama'a ɗaya, ruwan kuma in ma akwai bambanci kudu ta fi samu. Wannan ya nuna cewa hannun manomi na da tasiri a kan abin da ruwa ya kawo.

Game da alƙaluman 2009 kuwa, ya kamata a riƙa tuna cewa ƙiyasi ne. Adadin tan 500,000 an same shi ne ta hanyar ɗaukar ƙarin kimanin kilo 100 a kowace hekta a ninka shi sau miliyan 5, ba a auna rumbunan manoma ɗaya bayan ɗaya ba. Yawan maimaita adadin a takardun neman tallafi ya sa ya zama kamar abin da aka ƙirga. Har ila yau, itatuwan ba su hana matsalar abinci ta 2005 ba, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram ɗin nan. Abin da za a iya cewa shi ne mai itace a gona ya sami abin sayarwa ya sayi hatsi, wanda ba shi da shi kuwa sai bashi ko cirani.

4.4.3 Waɗanda Ba Su Da Gona

Tabbatar wa mai gona mallakar itacensa shi ne sirrin nasarar, shi ne kuma tushen wata sabuwar matsala. A da, sabara da kalgon da ke gonaki bayan girbi na kowa ne, matar da ba ta da komai za ta iya yin itace a can. Da suka zama dukiya mai kuɗi sai aka fara tsare su. Gidan da ke da gona ya sami sauƙi, matansa sun huta da doguwar tafiya neman itace, amma wanda ba shi da gona sai ya saya ko ya roƙa. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ma yana cikin ruɗu, domin mai gona na iya ganin rainon itace a matsayin share fagen da'awar mallaka, ko kuma ya karɓe gonarsa bayan ta gyaru. Mace kuma, wadda yawanci gayaunar da take nomawa mijinta ne ya ba ta, ikonta a kan itacen da ta raina ya dogara ga dorewar auren.

Sai kuma makiyaya, waɗanda suka saba datse rassan gawo su ba dabbobi a ƙarshen rani. Abin da Bafulatani ke gani haƙƙi ne na gado, manomi yanzu yana ganin sa sata. A yankin da aka taɓa yin rikicin Toda na 1991, inda aka kashe fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yaran Fulani, bai kamata a ɗauki duk wani abin da zai ƙara saɓani tsakanin manomi da makiyayi da wasa ba. Hanyar da aka bi a Ɗan Saga ta gundumar Agiye, da tallafin asusun IFAD, ta fi kusa da magance wannan. A can an kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa maza da mata da wakilan makiyaya, gari ya shimfiɗa ƙa'idojinsa da tararsa. A nan ne aka ga wani abu mai kama da gayya ta ainihi: itace na mai gona ne, tsaronsa kuma na kowa, domin kowa na da nasa da yake so a tsare masa.

4.5 Abin Da Ya Shafi Arewacin Nijeriya

Jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato sun ga nasu shingayen itatuwa da bukukuwan dashe na shekara-shekara, waɗanda tsarinsu ya fi kama da na Majiya. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ma ya faro ne da wannan tunani, wato a dasa ɗamarar itatuwa mai faɗin kilomita 15 da tsawon kusan kilomita 8,000 daga Sanagal zuwa Jibuti. Nijeriya ta kafa hukumar shirin a 2015 domin jihohi 11 na arewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa hekta kimanin miliyan 4 aka farfaɗo da su a yankin shirin, daga cikin miliyan 100 da aka ƙudurta kafin 2030. Idan aka ajiye wannan adadi kusa da hekta miliyan 5 na manoman Nijar, ko da an rage wani abu saboda kasancewarsa ƙiyasi, za a fahimci dalilin da ya sa masu shirin suka sauya akala daga katanga guda zuwa gyaran gonaki da makiyayu wuri wuri.

Ma'aunin da ya dace a riƙa tambayar kowace ƙungiya ko hukuma da shi shi ne adadin itatuwan da ke tsaye bayan shekara biyar da sunan mai kowannensu, maimakon adadin dashen da aka raba ranar biki.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an auna ayyuka biyu da ma'aunai huɗu. A Majiya tunanin ya fito daga ma'aikata, mallaka ta daɗe a ruɗe, asara ta fi faɗawa kan wasu manoma da mata da makiyaya, kuma aikin ya tsaya inda kuɗi da ruwan kwari suka tsaya, ko da yake ya amfani kwarin ƙwarai. A Maraɗi dabarar ta dace da abin da manomi ya riga ya sani, ta sha kaye lokacin da aka jingina ta da abinci, ta kuma miƙe lokacin da itace ya zama na mai gona. Rauninta yana ga waɗanda ba su da gona da kuma makiyaya, sai inda gari ya zauna ya yi musu gurbi. Bisa ga wannan, amfanin ƙungiyar agaji ya fi fitowa a inda ta kawar da abin da ya ɗaure wa jama'a hannu, kamar dokar da ta raba manomi da itacensa, fiye da inda ta zo da kaya ta nemi a taya ta aiki. A babi na gaba za a duba matsayin sarakunan gargajiya da malamai a cikin irin waɗannan kwamitoci na ƙauyuka.